Ranar da Muka Fito da Gangar Kawu

Ko na manta komai a duniya, ban da ranar da muka fito da gangar kawuna daga rumbu. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Kawu makaɗin gangar noma ne a ƙauyenmu, kusa da Kongolam, kuma har ƙauyukan Nijar ake kiransa gayya. Kowane gwarzon manomi yana da takensa a wurinsa; in ya kaɗa, mai shi ko zazzaɓi yake sai ya ɗauki garma. Da shari'a ta zo aka hana kiɗa, wasu samarin garinmu suka ɗora wa kansu aikin, ba ruwansu da bambanta kiɗan mashaya da na gona. A gabanmu suka farke kalangun wani bawan Allah. Kawu ya naɗe gangarsa a buhu ya cusa ƙarƙashin dammunan gero.

Wata damina wani baƙo daga Nijar ya yi mana sallama. Ya ce ƙasarsu tana rajistar al'adun da ke raye don kada su ɓace, kuma makaɗan noma na wajensu duk sun ƙare. "Amma Baba, ba ma sa abin da ya mutu," ya ce wa Kawu. "Sai na ga ana kiɗan a gona, mutane suna noma."

Ni da rawar kaina na ce a yi a gonata, tunda iyakar ƙasarmu da Nijar ta raba ta biyu. Na kira gayya, na tsayar da Kawu a ɓangaren Nijar, wai ni mai dabara. Na manta ganga ba ta san iyaka ba.

Noma ya yi daɗi ke nan sai muka hango samarin nan masu farke ganguna. Garemani suka tsaya cak. Jagoransu ɗan marigayi sarkin nomanmu ne, da wuƙa a hannunsa. Wallahi na ji tsoro, ba don gangar kaɗai ba, don kada a wulaƙanta tsoho a gonata, ni kuma na jawo masa.

"Baba, miƙo ta," ya ce. "Kada ka sa mu yi abin kunya."

Na yi ƙarfin hali na ce, "Malam, nan fa Nijar ce."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Allahn Nijar daban ne?"

Kawu kuwa ya gyara rataya ya ce, "Zan ba ka, ɗana. Bari in sallami wani tukuna." Ya soma wani take a hankali. Dattawan da ke wurin suka sunkuyar da kai, don taken mahaifin yaron ne.

"Tun da muka binne shi ban kaɗa ba," in ji Kawu. "Ba wanda ya iya sai ni. Ungo."

Ya miƙa masa gangar. Yaron ya riƙe ta, 'yan uwansa suna jiransa. Ni dai na rufe ido, ina jiran ƙarar fata. Shiru. Da na buɗe, ya mayar wa Kawu abinsa.

"In an kira azahar ku tsaya ku yi salla," ya ce. Ya juya suka tafi.

Baƙo ya ɗauki abin da ya zo nema, daga baya muka ji an sa gangar noma a rajistarsu. Na yi murna, amma Kawu na rasuwa takunan nan duka suka bi shi, sai guda ɗaya. Kafin rasuwar, yaron nan mai wuƙa ne ya riƙa zuwa zaurensa bayan la'asar, yana koyon taken ubansa da yatsu a cinyarsa.

Abin da na koya ke nan: rajista tana adana sunan al'ada, amma ba ta raya ta. Mai rayar da ita shi ne wanda ya ji ubansa a ciki.