Askin Hammatar Inna

Ni ce 'yar fari a wajen Inna, don haka tun ina ƙarama ba mu cika haɗa ido ba. Ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "ke". Sana'arta turara shinkafa a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Manoma su kawo shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta jiƙa, ta turara, ta shanya a tsakar gida. Mace ce mai tsafta, ga fata marar juriya. Ko sabulu ta canza sai jikinta ya feso da ƙuraje.

Shekarar da hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Na nemi izinin maigidana na dawo gida jinya. Wata safiya ina yi mata wanka, na kai soso hammatarta, sai ta matse hannun hagu ta juya fuska bango.

"Yau kwana nawa da kwanciyata?" ta tambaya.

"Talatin da takwas, Inna."

"To, arba'in ta kusa."

Ba ta ƙara ba, amma na gane. Ba a barin gashin hammata da na mara ya wuce kwana arba'in, kuma hannun da take riƙe reza da shi ba ya motsi. Kunya ta rufe ni. Washegari na ɗauko wata reza da na gani a tagar ɗakinta, na shafa sabulu mai ƙamshi sama-sama, na yi ta karta sama da ƙasa don in gama da wuri. Ita kuwa ta runtse ido.

Kafin la'asar wurin ya yi jawur. Da gari ya waye ƙuraje sun fito, ga zafin bazara, gumi na shiga yana yi mata raɗaɗi. Hannun da ya shanye kuwa ba ta iya ɗaga shi ya sha iska, sai na cusa mata matashi. Na fita bayan rumbu na yi kukana. Da na dawo ta dubi idona, abin da ba ta saba ba.

"Ke, ba laifinki ba ne. Ni ce ban faɗa miki ba. Fatata ba ta son gaggawa."

Mako biyu muka yi muna wanke wurin da ruwan ɗumi, ina shafa man kaɗanya, kafin ya lafa.

Da lokaci ya sake zagayowa, ita ta fara magana. Ta ce in bari sai da hantsi, kafin rana ta yi zafi. Na zaunar da ita a kujera 'yar tsugunno a banɗaki, na jingina ta da bango, na ɗora hannunta a kafaɗata. Daga gonaki ana jin ƙarar injin ban-ruwa.

"Fara da almakashi," in ji ta. "Ki rage tsawon tukuna."

Na rage. Ta sa na jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi na ɗora a wurin, muka jira har gashin ya yi laushi. Sabulun salo ta ce in sa, marar turare, in bar kumfar ta yi kauri. Rezar kuma sabuwa, daga takarda.

"Duba inda gashin ya kwanta. Can za ki bi. Sau ɗaya, kada ki maimaita, kada ki danna."

Na ɗora rezar a hankali. Ta ce in ja fatar kaɗan da yatsa, in riƙa ɗauraye rezar bayan kowane ja. Muna cikin haka ta ba ni labarin yadda ta taɓa cin wuya da tana amarya: ta yi aski ta feshe wurin da turare, ta wuni hannuwa a buɗe kamar kazar da zafi ya dama, kakata tana tambayar ko lafiya. Dariya ta ƙwace mini har sai da na janye rezar. Ban taɓa jin Inna ta ba ni labarin amarcinta ba sai ranar.

Da na gama na ɗauraye da ruwan randa, na dangwala tawul ba tare da gogawa ba, na shafa man kaɗanya kaɗan. Ɗaya wurin kuwa, wato mara, ta ce za ta iya da hagu, da almakashi kawai. Na riƙe mata zani, na kau da kai har ta ce ta gama. Na sa mata riga mai faɗi. Ko ƙurji ɗaya bai fito ba.

Haka muka riƙa yi duk wata, har na koma ɗakina bayan girbin damina, ƙanwata ta karɓi jinyar. Ranar da zan tafi na fara yi wa ƙanwar bayani, Inna ta katse ni daga kan gado.

"Bar ta, wannan ba ta da haƙuri. Ke dai ki riƙa zuwa."

Shekara uku na yi ina hawa Keke Napep duk ƙarshen wata, da sabuwar reza a jakata, har Allah Ya karɓi abarsa.