Kaskon da ke Bakin Ƙofar Dona Zuleide

Kafin rana ta yi zafi a Recife, Dona Zuleide Amorim ta riga ta sauka daga bas ta nufi ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, da dambun masararta a jaka. Ba ta karyawa sai ta duba na'urar sanyaya ɗaki, ta kunna lesa, na'urar nan mai harba haske, ta bar ta ta ɗumama, sannan ta ajiye wani ɗan kasko a bakin ƙofa. Duk mai shiga, ɗalibi ko farfesa, sai ya zuba zobe, agogo, sarƙa har da ɗan gicciyen wuya a ciki. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma duk wanda ya san ɗakin nan hankalinsa ba a kwance yake ba.

Ga aikin ɗakin. Masana sinadarai su haɗa sabon rini, masu kwamfuta su yi hasashen yadda zai sarrafa haske. Sai a kawo wa Dona Zuleide garinsa, ta harba masa hasken lesa irin wanda ido ba ya gani. Rini na kirki yakan mayar da kaɗan daga hasken ya zama kore, a auna ƙarfin koren a ga ko hasashe ya yi daidai. Yanzu wai kwamfuta ta kusa sallamar masu awo. To, madalla. Mu dai mun san gani ya kori ji.

Abin tsoron shi ne hasken da ba a ganin. In ya bugi ƙarfe mai ƙyalli sai ya karkace, ya ƙone ido kafin a ƙifta. Dalilin kasko ke nan.

Jaciara, wadda a lokacin take neman digirin dakta, ita ke ba da labarin da bakinta. Kwamfuta ta ce rininta ruwan ɗorawa zai kere sa'a, awo kuwa ya ce ba haka ba, ga ranar kare bincikenta a gaban malamai ta matso. Ga kuma zoben baikonta da Edvaldo a hannunta na dama, wanda a al'adarsu ba ya komawa na hagu sai ranar aure.

"'Yar nan, yau kaskona bai ga zobenki ba," in ji Dona Zuleide.

"A gida na baro shi, Dona Zuleide."

"Ke? Da ko wanke-wanke da shi kike yi? To."

A aljihu yake. Tana shiga ta mayar da shi yatsa. Dona Zuleide na can ƙarshen tebur tana gyara madubi, ta waiwayo ta ga abin da ya tsinka mata zuciya: yarinya ta ƙara wa lesa ƙarfi, ta ɗage gilashin kariya zuwa goshi don ta ga koren da idonta, ta sunkuya, hannunta na dama na tafiya wajen hanyar haske da zinariya a jiki. Dona Zuleide ba ta yi ihu ba, don mai firgita hannunsa ke fara motsi. Lallaɓawa ta yi ta saki marufin lesa, ya tare hasken.

"Cire."

"Kakata ta ce in na cire shi kafin aure, auren ya watse."

"Kakarki ta taɓa ganin lesa?" Sai Dona Zuleide ta sa tafi ta rufe nata idon na dama. "Yanzu ina ganin kunnuwanki da gashinki, tsakiya babu fuska. Agogon wani baƙo ya yi mini haka ina sabuwar zuwa, shi har ya tafi bai sani ba. In kin rasa ido, da me za ki harari Edvaldon naki?"

Jaciara ta yi dariya, dariya ta koma kuka, zobe ya faɗa kasko. Abin da awo ya nuna shi ta rubuta, ba abin da kwamfuta ta so ba, ta kuma samu digirinta. Auren ma yana nan, da 'ya'ya biyu. Yau malama ce a sashen.

Dona Zuleide, ke ce garkuwar idon jama'a. Sunanki ba ya kan takardun binciken da aka buga, amma duk wanda ya bi ta ɗakinki da ido biyu yake karanta su.

Abin da ke damunmu, an ce ba za a ɗauki wani a gurbinki ba, za a kafa allon gargaɗi da makulli mai kati. Allo yana kallon yatsu ne? Kati ya san yarinyar da ta yi ƙarya don tsoron kakarta?

Makon jiya shugaban sashe ya kawo baƙi su ga ɗakin. Dona Zuleide na zaune tana karyawa, ta yunƙura za ta tashi, sai ta ga Jaciara ta riga ta tare ƙofa da kasko a hannu.

"Farfesa, agogo."

"Haba Jaciara, leƙawa kawai za mu yi."

"Shi ma wancan baƙon leƙawa ya yi."

Ya kwance agogo. Dona Zuleide ta koma kan dambunta.

Mun gode, Dona Zuleide. Allah ya tsare miki idon da ya rage. Ku kuma da za ku gaji ɗakin, kada ku bar kaskon nan ya koma wurin zuba alewa.