Ƙafar Kaza a Jikin Bututu

Shekara talatin da ɗaya mahaifina yana walda a kamfanin mai na gwamnati. Aikinsa guda ne: ɗinke bututun da ke kai ɗanyen mai daga rijiyoyi zuwa tasha. Mai Faci ake ce masa. Bututun nan ya girme ni, tsatsa ta cinye shi kamar gara ta samu azara. Yau ya ɓule nan, gobe can, Baba yana bi da idanu jajur saboda wutar walda.

Masu walda suna da ƙa'ida. In ka gama ɗinki sai ka buga alamarka a gefe, don in ya sake a san wanda za a tambaya. Hatimin Baba guntun ƙarfe ne, tsawon ɗan yatsa, bakinsa da zane uku, ƙafar kaza sak. Guduma ɗaya, tau! A aljihun gaba yake zama ko unguwa za shi, har Inna kan ce da shi aka haife shi.

Duk shekara sai ya je gaban manaja. "Ranka ya daɗe, bututun nan ba faci yake so ba, jana'iza yake so." Manaja ya yi dariya ya ce ana dubawa. Ana dubawa! Suna dubawar aka gina sabon ofis mai gilasai, suna dubawar motoci masu baƙin gilashi suka cika harabar.

Sai mai ya fara ja da baya. Rediyo ta ce gangunan da ke isa tasha sun ragu ƙwarai. Mu kuwa ƙasa ce da ta kashe gona ta rungumi rijiya, tukunya ɗaya ce a kan murhu. Ni malamar makarantar gwamnati ce, albashi ya tsaya cak. Asibiti ko allura babu. Aka fara ƙona tayoyi a mararraba, sojoji suka tsaya a bakin kasuwa. Dole a samo wanda za a nuna wa mutane, sai aka kafa kwamiti.

Na raka Baba ranar da suka kira shi. Mutum bakwai a bayan dogon tebur, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Shugabansu ya baza hotunan inda mai ke yoyo, kusa da kowanne ga ƙafar kaza.

"Alamar wa ce wannan?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe." Wallahi har ƙirji ya ɗaga, bawan Allah, ya zaci yabo ne.

Suka ce da gangan yake ɗinki mai rauni don ɓarayin mai su samu hanya. Baba ya ce, "Ku zo mu je ku gani da idonku. Ba a ɗinkina ya fashe ba, tsakanin faci da faci ne." Ba wanda ya motsa. Wa zai sa takalmin nan mai ƙyalli cikin taɓo? An bar jaki ana dukan taiki, kuma ni ina zaune ina kallo.

Aka kore shi. Da yamma rediyo ta ce an bankaɗo mai zagon ƙasa. Mai kantin layinmu ya daina amsa gaisuwarsa. Wata ɗalibata ta tambaye ni, "Malama, wai babanku ne ya sa ba magani a asibiti?" Ban taɓa jin tsanar mutane irin ta ranar ba.

Sati uku ba su cika ba bututun ya sake fashewa. Da hantsi sai ga motar kamfani a ƙofar gida, injiniya ya fito yana murza hannu. "Baba, a yi haƙuri, ba mai iya wurin nan sai kai."

Na tare ƙofa. "Mai zagon ƙasan kuke nema? Ba kunya ba tsoron Allah! Ku aika kwamitin su ɗinke."

"Uwata, matsa," in ji Baba. Haka yake kirana. "Man nan cikin ruwan shan mutane yake zuba."

Ya bi su, kwana uku ya yi a can. Ina haɗa wanki na ji abu mai nauyi a aljihun rigarsa ta gida. Da ya dawo, fuska duk ƙuna, na miƙa masa.

"Baba, ka manta hatiminka."

"Ban manta ba."

"To ɗinkin fa, ya riƙe?"

"Ya riƙe. Zai kai shekara goma. Amma ba wanda ya yi shi."

Ya juya ƙarfen a tafin hannunsa, ya shafa bakinsa da babban yatsa, ya mayar mini.

"Kai wa innarki, ta riƙa tokare taga da shi."