Ƙafar Suzana

Malam Jika baduku ne a Dilimi, gadon gidansu ke nan tun zamanin haƙar kuza. Mutum ne mai baƙar mita. In ka kawo masa takalmin kanti gyara, sai ya fara zagin wanda ya ƙera shi kafin ya amsa maka gaisuwa. Amma duk wanda Allah ya jarraba da ƙafa mai wuyar sha'ani wurinsa yake zuwa. Sai ya sassaƙa masa ƙafar katako daidai tasa, ya rataye a bango, a kanta yake yi masa ɗinki duk shekara.

Da idonsa ya fara mutuwa, damuwarsa ɗaya ce, ƙafar Suzana. Suzana malamar firamare ce, shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu tun tana yarinya, kuma da takalmin Jika take iya tsayuwa gaban allo. In ya ajiye basilla, wa zai yi mata?

Ƙungiyarsu ta masu ɗinkin takalmi tana da wata al'ada. In tsoho zai huta, sai a taru a shagonsa, kowa ya sauke ƙafa ɗaya daga bango, mai ƙafar ya zama amanarsa ke nan. Jika ya sha cewa ƙungiyar ba ta iya komai ba sai shan shayi da ɗaukar hoton tsofaffin takalma. Ranar nasa taron, yana ji ana ta sauke masu sauƙi, ta Suzana kuwa kowa ya zo gabanta sai ya yi tari ya wuce. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

Can sai Datong, mai shago a Tina Junction, ya miƙa hannu ya sauke ta.

"Baba, ban iya ba," in ji shi, "amma zan zo ka nuna mini."

Ya kuwa yi ta zuwa. Jika ya sa shi ya farke ɗinki har yatsunsa suka yi kanta, faɗa kuwa ya sha shi kamar ɗan fari, ga shi magidanci mai furfura a gemu.

Wata Asabar Suzana ta yi sallama a zauren Jika, ta cire sabon takalmin da Datong ya ɗinka mata ta miƙa masa. Jika ya bi shi da yatsu yana neman aibi. A dunduniya ya ji wani laushi da shi bai taɓa sanyawa ba.

"Malama, wannan fa?"

"Datong ne ya ƙara, Baba. Wurin ya daɗe yana cina, kunyar faɗa maka nake ji."

Hawaye ya zubo wa Jika, na jin daɗi.

"Ki gaya masa ya fi ni," in ji shi. "A'a, bari. Da bakina zan gaya masa."