Ba Na Cin Abincin Maigida

Sau uku aka kore ni daga aiki, kuma duk sau ukun sai da aka fara ciyar da ni.

Na farko a wata masaƙa ce a Kaduna, inda nake kula da janaretoci. Manaja ya aika aka kira ni, ya nuna mini kujera mai laushi, ya buɗe firji da hannunsa ya miƙo mini lemo mai sanyi. Ni kuwa sakarai har da gyara zama, na ɗauka ƙarin girma ne ya zo. Sai da na sha rabi ya ce, "Aikinka yana kyau ƙwarai, sai dai..." Na biyu wani kamfani ne mai kula da injinan turakun waya a hanyar Kontagora. Aka yi mana walimar ƙarshen shekara, shinkafa da kaji har da ɗaukar hoto, mako bai zagayo ba saƙo ya shigo wayoyinmu cewa kwangila ta ƙare. Na ukun ya fi ƙona mini rai, don a nan yankinmu ne, wani injin gyaran shinkafa. Mai wurin ya aiko mini da cinyar rago ranar Sallah, matata ta soya, muka ci muna sa masa albarka. Da aka koma aiki maigadi ya tare ni a ƙofa yana sunkuyar da kai, wai an ce in dakata tukuna. Ina tsaye na hango ɗan ƙanwar mai wurin sanye da rigar aikina.

Daga ranar na kafa wa kaina doka. Kowa zai iya ba ni abinci in ci, amma ban da wanda nake aiki a ƙarƙashinsa. Na lura ragon layya ne ake wa dusa da gishiri, kuma ba don ana son sa ba.

Na tattara iyalina muka koma gidan Inna a Yelwa. Na shekara fiye da guda ina yawo da takarduna cikin ambulan. Birnin Kebbi, Kontagora, har Minna na je. Ko'ina maganar ɗaya ce, a ce in ajiye za a neme ni, kuma na san inda ake ajiyewa, don na taɓa sayen ƙosai a cikin takardar neman aikin wani bawan Allah. Na gwada kabu-kabu da babur ɗin aro, amma mutum ya haura arba'in yana tseren fasinja da sa'o'in ƙannensa, bayansa ne ke fara yi masa gardama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne safiya. Kowa ya fita, ni ina zaune a zaure da wankakkiyar riga kamar mai jiran baƙo.

Wani ɗan kawuna mai dillancin kifi ne ya ba ni labarin wani dattijo a Warra, makaniken injinan jirgin ruwa. Ya ce idonsa ya fara rauni, ga sababbin injina masu wayoyi da yawa sun shigo, yana neman wanda ya san wannan fannin. Ban tambayi ko nawa za a ba ni ba. Tambayar da na yi ita ce, dattijon yana da ɗan ƙanwa?

Yana da shi kuwa. Na sami ɗan ƙanwar a rumfar gyaran, ƙato mai shiru-shiru, tare da wani makanike ɗan Kambari da ya daɗe a wurin. Rumfar kwano ce a bakin ruwa, da ganguna cike da ruwa inda ake tsoma inji a gwada shi. Dattijon daga ƙabilar Gungawa yake, kowa Baba yake ce masa, har waɗanda suka kusa sa'arsa. Ya ɗora mini wani inji da ya ƙi tashi, na bi wayoyinsa na gano inda ta tsinke, na haɗa, ya tashi. Baba ya ce in kama ɗaki a gari in fara gobe. Babu takarda, babu sa hannu. Wannan ma bai kwanta mini ba, don aikin da aka ba ka da baki, da baki za a karɓe shi.

Bayan Azahar aka kawo abinci daga gidan Baba, babban kwano na tuwon dawa da miyar tarwaɗa. Kowa ya wanke baƙin mai daga hannunsa, aka zagaye kwanon, har da masu jiragen da ke jiran gyara. Baba ya ce, "Malam, bismillah." Na ce Alhamdu lillahi, na ƙoshi. Na zagaya bayan rumfa na fito da garin kwaki da ƙuli-ƙuli daga jakata, na jiƙa na sha ina jin ƙamshin miyar yana bina. Haka na yi washegari, haka na yi kullum.

Jakar nan kuma ba ta taɓa kwana a rumfar ba. Akwai ƙusoshi a jikin ginshiƙi inda kowa ke rataye tasa in an tashi. Ni tawa a kafaɗa take komawa ɗaki, da duk sufanu da mitar gwajin wuta. A injin shinkafa kayan aikina na kaina suka maƙale a ciki, sai da na yi ta roƙon maigadi kafin aka miƙo mini su ta saman ƙofa, rabi babu.

Na kuma shiga tambaya. Wane jirgi ke zuwa wace kasuwa, ran wace rana yake dawowa, injina nawa wane yake da su. Ina so in san ko aikin mai ɗorewa ne, in kuma an kore ni in san waɗanda zan bi da kaina. Wayata na ƙara sai in yi nesa da mutane in amsa, don ban daina neman aiki a wasu wuraren ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Baba kuwa sai yabona yake. Ya ce hannuna na da albarka, ya ce Allah ne ya kawo ni. Duk yabon da ya yi sai in tuna manajan Kaduna. Wata Juma'a zan tafi Yelwa ya miƙo mini ƙunshin bandar kifi, wai in kai wa Inna. Na karɓa don kada in yi rashin kunya a gaban mutane, amma a hanya na ba mai gidan da nake haya. Da na gaya wa matata, ta ce, "Kai dai Malam, ko Aljanna anka sa ka, sai ka tambayi ran da kwangila za ta ƙare." Ban yi dariya ba, don cinyar ragon nan tare muka ci ta.

Bayan 'yan watanni alamu suka fara fitowa, irin waɗanda na sani. In na shigo rumfa ana hira, sai Hausa ta koma Gunganci. Wani mai jirgi da na sha gyara wa inji ya zo, ya ce Baba yake so ya taɓa masa da kansa, ko da zai kwana biyu. Ɗan ƙanwar Baba ya koma tsaya mini a kai duk inda na tsuguna, idonsa a hannuna, idonsa a jakata. Na ce a raina to, an zo wurin, ana koya wa magaji aiki. Sai na riƙa juya masa baya in zan haɗa waya. Ran nan kuma da safe Baba ya aike ni Yelwa sayen farfela, alhali na ga guda biyu sababbi a ƙarƙashin benci. Na tafi ina tafasa. An kawar da ni ne don a zauna a yanke hukunci, na ce, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Haushi ya fi tsoro yawa a zuciyata. Ina son aikin nan. Ina son ƙarar inji in ya tashi a cikin ganga, ina son yadda mai jirgi ke washe baki. Na fara saya wa Inna magani da kuɗin gumina, yarana sun koma makaranta. In aka kore ni daga rumfar kwano a bakin ruwa, ban san kuma inda zan dosa ba.

Kwana kaɗan da dawowata aka kawo abinci kamar kullum, amma Baba ya ce kowa ya ɗan ba mu wuri. Suka sauka bakin ruwa. Kwanon yana gabansa a rufe. Na saɓa jakata tun kafin ya yi magana.

Ya ce, "Zamna, Malam." Na zauna a bakin benci. Ya ce, "Aikinka na da kyau."

Na ce, "Sai dai."

Ya ɗago ya dube ni. "Sai dai mi?"

Na ce, "Baba, hwaɗi kai tsaye, na saba. Ba sai an ɓata kihi ba."

Ya kafe ni da idanun nan nasa da suka fara fari. Sannan ya ce, "Ka san abin da anka ce da kai bakin ruwan ga? An ce kai infoma na."

A lokacin ɓarayin daji sun matsa wa wasu ƙauyuka na ƙetaren ruwa, kuma kowa ya san ba sa tare 'yan kasuwa sai wani na cikin gari ya ba su rahoto. Wanda aka laƙa wa wannan suna, kora ce mafi sauƙin abin da zai same shi.

Baba ya ce, "Mutum shi zo daga birni, shi san aiki awa naka, shi yarda shi zamna rumfar tsoho. Shina tambayar wane jirgi ka zuwa wace kasuwa. Waya ta yi kuka shi ɓoye. Ba shi barin ko ƙusa nan. Na ba ka kihi ka kai ma Innarka, anka gane shi gidan wani. Duk wannan da sauƙi. Amma ba ka taɓa sa hannu kwanonmu ba. Wurin ga, wanda yac ci kwano guda da kai ba shi iya bashe ka, abincin na kama shi. Wanda yaƙ ƙi ci, hanya ta yaka aje ma kainai."

Ya ce ran da ya aike ni Yelwa, 'yan sa-kai ne suka aiko za su zo su tafi da ni a yi mini tambayoyi. Ya gaya musu ni yaronsa ne, shi ya tsaya mini. Suka tambaye shi ko ya taɓa ganin hannuna a cikin kwanonsa, ya ce bai taɓa gani ba. Ɗan ƙanwarsa kuwa ba aikina yake koyo ba, shi ma sa shi aka yi ya ga abin da ke cikin jakar.

Ban san lokacin da na fara ba shi labari ba. Lemon Kaduna, kajin walima, cinyar rago, rigar aikina a jikin wani. Ban taɓa jera wa kowa su haka ba. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Su waɗanda sunka ba ka, sun ci tare da kai?"

Na tuna baya. Manajan Kaduna bai buɗe wa kansa lemo ba. A walima manya suna can kan babban tebur, mu muna layi da faranti. Cinyar rago kuwa direba ne ya kawo ta a leda. Na ce a'a.

Ya ɗaga murya ya kira mutanen, suka hawo, har da masu jirage biyu da wani da ban sani ba, wanda daga baya na ji cikin 'yan sa-kai yake. Baba ya buɗe kwanon, ya gutsuri tuwo ya kai baki, sannan ya tura kan tarwaɗa gabana. Ya ce, "Ko ka ci, ko ka tahi. Ba ni iya tsaya ma sau biyu."

Na wanke hannu na sa. Kowa ya yi kamar ba ni yake kallo ba. Miyar ta yi daɗi, amma ban ji daɗinta ba, don idona na kan bakin Baba. Ina taunawa ina jiran ya ce sai dai. Aka cinye, ɗan Kambarin nan ya tsokane ni wai ashe ina da haƙora, aka yi dariya, baƙon ya tashi ya tafi. Baba ya goge hannu ya ce, "Gobe kasuwa ta, ka zo da wuri, akwai inji biyu. Ka bar jikkar nan."

Da aka tashi na rataye jakar a ƙusa, kusa da ta ɗan ƙanwarsa. Amma kafin in fita na zare sufana guda, wadda na saya da albashina na farko a Kaduna, na jefa a aljihu.

Har yau ban ce dokata kuskure ba ce. Mutanen bakin ruwan ba su san abin da na gani ba, ni ma ban san abin da suke tsoro ba. Shekaru sun shuɗe, idon Baba ya tafi kusan duka, yanzu ni da ɗan ƙanwarsa muke riƙe da rumfar, shi kuma yana zaune yana gane ciwon inji da kunne. Ba a taɓa kawo kwanon nan ban sa hannu ba. Sai dai duk ranar da ya laluba ya turo mini kan kifi ya ce aikina na kyau, taunata tsayawa take. In kai hannun hagu aljihu in taɓa sufanar, in jira ya ƙarasa maganar.