Sun Ce Mini Sanyi Ne Kawai

A lokacin da abin nan ya faru ina aiki a wata ma'aikatar gwamnati a nan Kaduna, muna zaune a Unguwar Rimi da maigidana da 'yarmu guda ɗaya. A ofis ni mai baki ce, ba wanda zai taka ni in yi shiru, amma da an zo maganar jikina sai kunya ta rufe ni kamar sabuwar amarya. Mun daɗe muna neman haihuwa ta biyu Allah bai kawo ba, kuma na san abin yana cin maigidana ko da yake ba ya faɗa. Ina da yaya mace a Hayin Banki, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ce uwata ita ce aminiyata. Edita, waɗannan mutum biyu su ne na ba wa amanar kaina.

Wata rana aka kawo gwajin mata kyauta ofishinmu. Ba don wata abokiyar aikina ta ja ni da hannu ba da ban shiga ba. Nas ɗin da ta duba ni ta ce ta ga wani abu a bakin mahaifata da bai kwanta mata ba, ta tura ni babban asibiti. A can wata likita ta ɗan gutsuri naman wurin ta ce za a auna, in dawo in ji sakamako. Da lokacin ya zo sai tsoro ya kama ni. Na ce wa maigidana ya je ya jiyo mini, na roƙi Yaya ta raka shi tunda maganar mata ce. A wurinmu ai ba baƙon abu ba ne, manya ke shiga wurin likita su jiyo, mara lafiya yana gida ana yi masa sannu.

Suka dawo bayan la'asar, maigidana har da ledar lemo a hannu. Ya ce in gode wa Allah, sanyi ne kawai ya yi mini yawa. Yaya ta ɗora da cewa ai ta sha faɗa mini, wuni cikin sanyin ofis da shan ruwan firij ba za su bar mace lafiya ba. Ta ce maganin asibiti kwantar da sanyi kawai yake yi, ita za ta karɓo mini na gargajiya wurin wata mata a Rafin Guza. Na yi sujada na gode wa Allah. Daga nan na shiga shan jiƙe-jiƙe masu ɗacin tsiya, da zama cikin ruwan bagaruwa safe da yamma, har 'yata ta fara tsokanata wai ɗakina warin kasuwar magani yake yi.

Bayan wasu watanni na fara ganin jini duk lokacin da muka kwanta da maigidana, daga baya ya koma zuwa ba ka'ida, har na rasa ranar da zan yi salla da ranar da zan ajiye. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta ce jinin ciwo ne, in yi alwala in ci gaba da sallata, amma in hanzarta zuwa asibiti. Da na faɗa a gida sai maigidana ya ce in bari Yaya ta canza mini magani tukuna. Yaya kuwa cewa ta yi alama ce mai kyau, dattin ne yake fita. Haka muka yi ta yi kusan shekara biyu, ina ramewa suna cewa aiki ne ya yi mini yawa.

Ranar da asiri ya tonu, miƙewa na yi daga kujerata a ofis na ga zanina ya jiƙe sharkaf da jini. Abokiyar aikin nan tawa ta saka ni a keke Napep sai asibiti, kuma Allah ya sa likitar nan ta farko muka tarar. Tana duba ni ta ɗaure fuska, ta tambaye ni me ya sa na gudu bayan ta aika mini cewa in dawo cikin gaggawa. Na ce ai sanyi aka ce mini. Sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ta ce ta faɗa wa mijina da yayata a fili cewa farkon sankarar bakin mahaifa ce, kuma a lokacin ɗan ƙaramin aiki za a yi a cire wurin, mahaifata tana nan, har ina iya haihuwa. Ta yi mini bayani cewa kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da umarnin da take bi, tana yanka shi tana haɗawa kamar yadda tela yake yanka yadi ya haɗa riga. Akwai wata ƙwayar cuta da in ta daɗe a bakin mahaifa sai ta sa ana yankan ba daidai ba, ana haɗawa a karkace, ƙwayoyin da ya kamata su tsufa su mutu sai su yi ta hayayyafa. Ta ce abin a hankali yake tafiya, shi ya sa ake iya tare shi da wuri, amma nawa ya riga ya yi nisa.

Na haɗa su biyun a falona na tambaye su. Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce tsoro ya ji kada a cire mini mahaifa, ya so in samu ciki tukuna sannan ya faɗa mini. Yaya ta fashe da kuka tana rantsuwa don ni ta yi. Ta ce sunan ciwon kaɗai yana kashe mutum, kuma macen da aka taɓa mata mahaifa ba ta da sauran daraja a idon dangin miji. Na ce ai likita ta faɗa musu ba za a cire ba. Sai Yaya ta ce haka likitoci suke faɗa har sai sun ga mutum a kwance a gabansu. Wallahi a ranar ko hawaye ban iya yi ba.

An cire mahaifar gaba ɗaya, aka riƙa gasa wurin da na'ura ana yi mini allurai har gashin kaina ya zube. Alhamdulillah ina raye, ina kuma gidan mijina saboda 'yata. Na ce na yafe musu, amma har yau in Yaya ta kawo mini abinci sai in tuna cewa da hannun nan ta riƙa miƙo mini kofin jiƙo tana cewa in daure in shanye, alhali ta sani.

Abin da na koya shi ne mutum yana iya son ki tsakani da Allah kuma ya yanke hukunci a kan jikinki ba tare da ya tambaye ki ba. 'Yan uwana mata, ku je a duba ku ko ba kwa jin ciwon komai, ku kai 'ya'yanku mata rigakafin ƙwayar cutar da ke kawo wannan sankarar. In sakamako ya fito, ki tafi da duk wanda kike so ya riƙe miki hannu, amma ki shiga ɗakin likita da ƙafarki, ki ji da kunnenki. Ni a falo na zauna ina jira a jiyo mini, yau ba zan ƙara haihuwa ba har abada.