Ranar da lakwal ta gangara kogi

A lakwal ɗin kuɗi, wato makaranta mai zaman kanta, da kawuna ya sa ni a Gaya, kusan kowa ɗan ƴan kasuwa ne ko ɗan masu manyan motoci. Ni kaɗai ne ɗan masunta, kuma akwai wani yaro a bencin bayana da ke toshe hanci duk sanda na zauna, wai ina ƙarnin kifi. Na sha haɗiye fushi a kansa.

Wata rana diraktanmu ya nuna mana a salularsa yadda wasu makarantun Turawa ke gasar zamiya a kan ƙanƙara, kowa tsaye bisa katako. Ya ce mu ba mu da ƙanƙara, amma Allah ya ba mu kogin Isa, don haka za mu yi tseren kwale-kwale a tsaye.

Da aka gangara bakin ruwa, yaran nan suka sandare gwiwoyi, kowa na kallon ƙafarsa. Haka suka riƙa faɗawa ruwa, ana dariya. Ni kuwa tun ina ƙarami babana ya koya mini in saki gwiwa, in kafa ido a gaɓar Malanbil da ke ƙetaren kogin, in bar jirgin ya yi rawarsa. Na kai iyakar tseren, na juyo, ko rigata ba ta jiƙe ba.

Mai toshe hancin nan ya fito sharkaf, ya ce, “Don Allah koya mini.”

Na ce, “To matso kusa. Daga nesa ba a koyonsa.”